Dutsen Zumurrudu da Waɗanda Suka Tone Shi

Jawabin da wani tsohon malamin labarin ƙasa, ɗan wannan reshe, ya gabatar a taron Ranar Malamai. Mun buga shi kamar yadda ya karanta shi.

 



Na san da yawa daga cikinku sun zo da tsammanin jin batun albashi da ƙarin girma da haƙƙin 'yan fansho. Wannan magana tana da masu ita, kuma sakatare zai yi ta bayan na sauka. Ni dutse na kawo muku. Ga shi nan a kan teburi, kore, bai wuce girman ƙwayar gurjiya ba. Wani tsohon ɗalibina ne ya kawo mini shi bara, ƙunshe cikin leda, ledar kuma cikin tsumma. Yaron ya bar aji yana shekara ta biyu a ƙaramar sakandare, ya bi yayyensa zuwa ramukan haƙar duwatsu can kudu, ya yi wata biyar. Da lokacin sallama ya yi, mai ramin ya ce babu kuɗi a hannu, ya ba shi wannan a madadin ladansa, ya ce masa zumurrudu ne, in ya dace da mai saye har gida zai gina. Yaron ya durƙusa ya gaishe ni, ya kwance tsumman, ya ce, "Malam, nawa zai yi?" Tambayar nan ce ta mai da ni ga littattafan da na daɗe ban buɗe ba, kuma abin da na tsinto a cikinsu shi zan karanta muku yau.

Mu Hausawa ba baƙin duwatsun ado ba ne. Duk wanda ya taɓa leƙa adudun kakarsa ya ga tsakiya, ya ga murjani, wataƙila ya ga talhatana, jan dutsen nan mai zobe a sama da tsini a ƙasa. Talhatana ta asali a Kambay ta ƙasar Indiya ake sassaƙa ta, ta biyo alhazai da fatake ta iso mana. Daga baya, a ƙarni na 19, masu sassaƙa na Idar-Oberstein a Jamus suka gane muna son ta, suka riƙa yin irinta suna aiko mana. Akwai kuma lantana, wadda har sunan mata muka yi da ita. Jan dutse ne da ake fasawa a wajajen Kirtashi, a bakin Kwara, kudu da Sayi, cikin Jamhuriyar Nijar ta yau. Fataken Hausawa ke ɗauko shi su gangara da shi Ilori, inda masu sana'a ke huda shi da ɗan ƙarfe, su goge shi a kan dutse har ya yi sheƙi, sa'an nan ya wuce wuyan sarakunan Yarabawa da na Binin. Ku lura, Sayi da Ilori duka suna ƙarƙashin tutar Gwandu a wancan zamani, wato kan cinikin da gindinsa duk a hannun maƙwabtanmu suke. Amma har yau ana tuna masu gogewa na Ilori, ana tuna sarakunan da suka rataya, wanda ya fasa dutsen a Kirtashi kuwa babu mai labarinsa.

To, tun da yaron zumurrudu ya ambata, bari mu tafi inda aka fara haƙarsa da yawa a duniya, gwargwadon abin da tarihi ya adana. Wurin kuwa yana kan hanyar da kakanninmu suka taka. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a zuwa gabas har suka zauna a ƙasar Sudan, garin da suka kafa yana nan da sunansa. Masu niyyar Makka daga cikinsu, da waɗanda suka riga su, da waɗanda suka biyo bayansu a ƙasa, sukan ratsa wasu duwatsu baƙaƙe kafin su gangara Sawakin su shiga jirgin ruwa. Duwatsun nan jeri guda ne mai bin gaɓar Bahar Maliya, ya miƙe arewa har cikin Masar. Mutanen da ke kiwon raƙuma da awaki a cikinsu su ne Beja. A ɓangaren Masar na wannan jeri, tsakanin Kogin Nilu da teku, akwai wani dutse da ake kira Zabara, da kwaruruka irin su Sikait da Nugurus. Nan ne Rumawa suka sa wa suna Dutsen Zumurrudu.

Ƙasa ce da shekara kan zo ta wuce ba a ga ɗigon ruwan sama ba, ran da aka yi shi kuma ya zo da ambaliya mai share duk abin da ke cikin kwari. Babu gona, babu gulbi, sai rijiyoyi jefi-jefi da itatuwan ƙaya. Me ya kai zumurrudu irin wannan wuri? Malaman kimiyya da ke nan za su gafarta mini in taƙaita. Zumurrudu wani nau'in dutse ne da ake kira beril, wanda ba ya samuwa sai da sinadarin beriliyam. Korensa kuwa daga wani sinadari daban yake zuwa, kuromiyam, wani lokaci banadiyam. Su biyun nan ba su cika zama gida ɗaya ba: na farko yana tare da duwatsu masu haske irin waɗanda ake fasa tsakuwar gini da su, na biyu yana tare da baƙaƙen duwatsu masu nauyi da suka taso daga can ƙarƙashin ƙasa. Sai inda Allah ya haɗa iyakar waɗannan da waɗancan, ruwa mai tsananin zafi ya ratsa tsakaninsu a zamanin da babu ɗan Adam, sa'an nan ake samun zumurrudu. Shi ya sa ya yi wuya. A Sikait an sami wannan haɗuwa, dutsen ya fito cikin wani baƙin dutse mai laushi, mai ɓarewa falle-falle, yana da kusurwa shida kamar fensir.

Mutane suna son kiran wurin ramukan Kiliyobatara, don sunan sarauniya yana jawo masu yawon buɗe ido. An fara taɓa wurin a zamanin gidan sarautarsu, amma aikin sosai na Rumawa ne, bayan sun ci Masar shekara 30 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Akwai wani rubutu da aka sassaƙa a dutse cikin wannan hamada a shekara ta 11 Miladiyya, mai ambaton wani hafsan Rum da aka ɗora kan ramukan zumurrudu da na zubarjadi da wuraren lu'ulu'u da sauran ma'adinan Masar baki ɗaya. Wato tun ran farko hukuma ta sa hannu. Suka gyara hanya daga garin Ƙift na bakin Nilu zuwa tashar jiragen ruwa ta Berenike, tafiyar kwana 12, da rijiyoyi da ganuwa da masu gadi a kowane zango. A Sikait gari ya tashi, gidajen dutse ɗaruruwa a jikin tudu, da ɗakunan bautarsu da aka fafe cikin dutse, waɗanda har yau suna tsaye.

Ramukan su ma suna nan, ɗaruruwa. Masu binciken kayan tarihi daga wata jami'a ta Barsalona da suka shiga cikinsu a 'yan shekarun nan sun tarar da hanyoyi ƙuntatattu, wasu sai da rarrafe, wasu sai da jan ciki, suna bin jijiyar dutse duk inda ta karkata, da 'yan gurabu a bango inda ake ɗora fitilar mai. Ku kwatanta mutum kwance cikin wannan duhu, da guduma da kurfi a hannu, hayaƙin fitila a hanci, ruwan shansa kuma a kan raƙumi ko jaki aka kawo shi, an auna masa. Abin da ya fito da shi kuwa ya tafi Iskandariya da Rum. A hotunan matan masu hali na wancan zamani, waɗanda aka zana a kan katako aka binne tare da gawarsu a yankin Fayyum, ana ganin koren dutsen a wuya da kunne. Ba su ma iya yanka shi yadda ake yi yanzu ba, hudawa kawai suke yi su zura a zaren zinariya da kusurwoyinsa shida. Fuskar mai ratayawa ta iso gare mu bayan shekara kusan 2,000, ta mai tonowa ba ta iso ba.

Da ƙarfin Rum ya ja baya, masu ƙasa suka karɓi abinsu. Rumawa suna kiransu Bilemi, kuma masana tarihi na ganin su ne kakannin Beja. Wani jakada mai suna Olimfiyodoras, mutumin Masar ta kudu, ya ziyarce su a farkon ƙarni na 5, ya rubuta cewa babu mai zuwa ramukan sai da iznin sarkinsu. Bayan shekara ɗari kuma wani ɗan kasuwa na Iskandariya ya ba da labarin cewa Habashawa na sayen dutsen daga hannunsu su kai Indiya. A ganina wannan shi ne zamani mafi daɗi ga mutanen wurin, don ƙofar a hannunsu take. Amma ko a lokacin, wanda ya san abin da attajirin Indiya zai biya shi ne Bahabashe.

Musulunci ya shigo Masar ta hannun Amru ɗan Asi, Allah ya yarda da shi, tsakanin 639 da 642. Aka yi yarjejeniya da Beja, aka warware, aka sake ƙullawa. A zamanin Halifa Mutawakkil suka hana haraji, suka kori masu haƙar zinariya da duwatsu daga ƙasarsu. Halifa ya tura Muhammadu ɗan Abdullahi al-Ƙummi a shekara ta 241 Hijiriyya, wato 855, da runduna ta ƙasa da jiragen ruwa bakwai ɗauke da guzuri. Ɗabari ya kawo labarin a tarihinsa. Sarkin Beja, Ali Baba, ya yi ta ja da baya yana jiran yunwa ta gama masa aiki, sai jiragen suka iso. Ran gamuwa al-Ƙummi ya sa aka rataya wa dawaki ƙararrawa, raƙuman Beja suka firgita suka watse da mahayansu. Aka tafi da Ali Baba har Samarra, ya ga Halifa, aka mai da shi kan sarautarsa bisa sharaɗin ya buɗe hanyar ramuka. Duk ƙasar da aka sami dutse mai daraja, ba a daɗe ba sai an ga masu makami a bakin ramin. Mu da muke maƙwabtaka da Zamfara ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Yanzu ga wurin da nake so malamai su buɗe kunne. Malaman Musulunci ba su tsaya ga sha'awar dutsen ba, sun mai da shi ilimi. Mas'udi, wanda ya rasu a 956, ya faɗa a littafinsa Murujuz Zahab cewa ramin yana wani wuri da ake kira Kharba, tafiyar kwana bakwai daga Ƙift, ya kasa zumurrudun gida huɗu, har ya faɗi wanda sarakunan Indiya da Sin suka fi so da wanda sarakunan yamma suke rububi. Bayansa aka yi Ahmad at-Tifashi, mutumin yankin Aljeriya ta yau, wanda ya rasu a Alƙahira a 1253. Shi littafi guda ya rubuta a kan duwatsu masu daraja, kowanne da inda ake samunsa, da mai kyansa da mummunansa, da aibinsa, da kuɗinsa. Sunayen da aka ba darajojin zumurrudu a wurinsa suna ba ni sha'awa, don irin kwatancen da malamin furamare zai yi ne. Na ƙoli shi ne zubabi, mai launin koren ƙudan nan mai ƙyalli. Sai raihani, mai launin ganyen ɗoɗɗoya. Sai silƙi, mai launin wani ganyen miya nasu. Na ƙarshe sabuni, mai dishi-dishi kamar sabulu, wanda ba ya kuɗi. Duk daga rami ɗaya suke fitowa, mai tono ɗaya ne, wahala ɗaya ce. Tazarar da ke tsakanin kuɗin zubabi da na sabuni kuwa, wanda ya karanta Tifashi a Alƙahira ya san ta.

Shi mai tonon me ya samu? Marubutan zamanin Mamaluka sun gaya mana. Ramin na Sarkin Masar ne, akwai ma'aikata da magatakarda da amintattu a kansa, dutsen da aka samu a jiƙa shi a mai, a naɗe a auduga, a kai taskar sarki. Kowace rana in ma'aikata za su fito sai an caje su, har wuraren da kunya ta hana in ambata a gaban iyayena. Kuma duk da haka, in ji marubutan, ba a fasa sata ba. Wannan ita ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A daidai wannan zamani ayarin alhazai na ratsa hamadar daga Ƙus zuwa tashar Aizab. Ibn Baɗɗuɗa ya isa Aizab a 1326 ya tarar Beja na faɗa da Mamaluka, an lalata jirage, dole ya juya. Maƙrizi ya ce an dakatar da haƙar a tsakiyar ƙarni na 14, zamanin Sarki Hasan ɗan Muhammadu ɗan Ƙalawun. Abin da ake kashewa ya zo ya fi abin da ake samu.

Abin da ya rufe bakin ramin gaba ɗaya daga wata nahiya ya zo. A ƙarni na 16 Sifaniyawa suka shiga ƙasar da ake kira Kolombiya yanzu, suka kai Cibor a 1537, suka murƙushe mutanen Muzo wajen 1560, suka tilasta musu tono har akasarinsu suka ƙare. Zumurrudun can ya fi na Masar girma da tsabta da zurfin kore nesa ba kusa ba, don na Masar yawanci ƙanana ne masu gajimare da tsaga a ciki. Jiragen ruwa suka kwashe shi zuwa Turai da Indiya da Farisa. Turkawan Usmaniyya suna mulkin Masar tun 1517, Dutsen Zumurrudu na cikin ƙasarsu, amma manyan korayen duwatsun da ke jikin shahararriyar wuƙar nan ta fadar Topkapi a Istanbul na Kolombiya ne. Babu wanda ya aika wa mutanen Sikait da takarda cewa kasuwa ta tashi. Masu saye kawai suka daina zuwa, har masu mulki suka manta hanyar wurin.

Sai a 1816 wani Bafaranshe maƙerin zinariya, Frederik Kayo, wanda Muhammadu Ali Basha ya ɗauka aikin neman ma'adinai, ya isa Zabara. Littattafan Turawa suna cewa shi ya gano wurin. Gaskiyar magana makiyayan Ababda ne suka yi masa jagora, su kuwa ba su taɓa ɓatar da shi ba. Ya koma da ma'aikata a shekarar da ta biyo, aka tona, aka kai wa Basha abin da aka samu, bai biya wahala ba. Wasu 'yan kasuwar duwatsu na Landan suka sake gwadawa wajen 1900, su ma suka haƙura. Tun 2003 yankin yana cikin gandun da gwamnatin Masar ta keɓe, Wadil Jimal, wato Kwarin Raƙuma. Jikokin masu ƙasar suna nan da raƙumansu, wasu suna yi wa baƙi jagora zuwa kangayen. Sama da shekara 1,000 ana kwasar dukiya daga ƙarƙashin ƙafarsu, ba ta bar musu gari ko ɗaya mai rai ba.

Mu dawo gida. Ƙasarmu ta Tambuwal, da akasarin Jihar Sakkwato, tana kan shimfiɗar laka da yashi da farar ƙasa da wani tsohon teku ya bari. Shi ya sa arzikinmu na ƙasa ya zama dutsen siminti na Kalambaina, da dutsen taki na wajen Dange da Shuni, da ƙasusuwan dabbobin ruwa da masana ke tonowa. Irin wannan ƙasa ba ta haifar zumurrudu. Sai an nausa kudu maso gabas, inda tsofaffin duwatsu masu tauri suka fito fili, ake shiga ƙasar zinariya da duwatsun ado, kuma can yaranmu ke tafiya. A kudancin Kaduna, wajen Nisama ta ƙasar Jama'a, shuɗin yaƙutu da mahaƙa ke kira safaya ya cika kasuwa a shekarun 1980. A wajen Gwantu da Nasarawa Eggon an sami koren beril, har masana a Turai suka yi ta gardama ko ya cancanci sunan zumurrudu; ku duba, sunan dutsenmu ma a wani ɗakin bincike na wata ƙasa ake yanke shi, kuma da sunan kuɗin ke hawa ko sauka. Daga baya safaya ta ɓulla a tsaunin Mambila ta Taraba, jama'a suka yi can.

Tsarin bai sauya ba tun zamanin Tifashi. Yaro na cikin rami. A bakin rami akwai mai rami da ya ciyar da shi bashi. A kasuwar Jos ko Ibadan akwai dillali, sau da yawa mutumin Senegal ko Mali ko Gini, da ɗan madubinsa da tocila da sikeli. Awon da ake yi da shi, karat, ɗaya bisa biyar na giram ne kacal, kalmar kuma 'yar uwar ƙiraɗi ce ta Larabci da muka sani a littattafan fiƙihu. Daga nan safaya ta wuce Cantaburi ta ƙasar Tailan, inda ake gasa ta a wuta mai tsananin zafi launinta ya gyaru, zumurrudu kuma ya wuce Jaifur ta Indiya a yanka shi. A kowane zango kuɗin na ninkuwa, kuma abin da ke ninka shi a kowane zango sani ne: sanin launi, sanin aibi, sanin yanka, sanin wanda zai saya.

Ba na zargin yaron da ya tafi, ba na kuma zargin ubansa. Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. Wanda aka hana shi noma gonarsa saboda tsoron daji, aka kore masa shanu, ba za ka tsaya kana yi masa wa'azin boko da ciki cike ba. Amma mu ne muke riƙe da rajista. Mu muke kiran suna da safe mu ji shiru, mu sa alama, mako ya zama wata, wata ya zama zango, daga nan mu ja layi. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekara tara na farko wajibi ne ga kowane yaro. Dokar ma'adinai ta 2007 ta ce abin da ke ƙarƙashin ƙasa na Gwamnatin Tarayya ne, ta kuma buɗe ƙofar lasisi ga ƙananan mahaƙa da ƙungiyoyinsu na gama-kai. Yaron da ya bar aji biyu bai san ko ɗaya daga cikin biyun ba. Kuma ba mu manta da 2010 ba, lokacin da gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje ta kashe yara akalla 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, a ƙauyuka irin su Dareta da Yargalma. Iyayen ba mugunta suka yi ba, babu wanda ya taɓa gaya musu abin da ke cikin ƙurar.

Roƙona ga reshe guda biyu ne, kuma ba su bukatar kasafin kuɗi. Na farko, kowane hedimasta ya zo taron zango mai zuwa da adadin yaran da suka ɓace daga rajistarsa da inda aka ce sun tafi, don mu je wurin hakimai da sakatarorin ilimi da lissafi a hannu. Na biyu, malaman kimiyya da na labarin ƙasa su shigar da duwatsu cikin aji. Ma'aunin tauri da Bajamushe Mohs ya tsara a 1812 darasin rabin sa'a ne: gilashi yana wajen 5 da rabi, farin dutsen ƙanƙara da ake ƙyasta wuta da shi 7, zumurrudu 7 da rabi zuwa 8, safaya 9, daiman 10, kuma na sama yana karce na ƙasa, na ƙasa ba ya karce na sama. Ku gaya musu ana karanta ilimin duwatsu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ta Ahmadu Bello, akwai kuma cibiyar koyon haƙar ma'adinai a Jos. In ma sai sun shiga harkar dutse, su shiga ta ƙofar da mai sikeli yake shiga.

Saura amsar da na ba yaron. Na aike shi ya tsinto mini farin dutsen ƙanƙara a bayan gida. Na ja shi a gefen korensa, sai ga layi ya fito fari tas. Na ɗauko madubin ƙara girma da na yi shekaru ina koyarwa da shi, na ce ya leƙa da kansa. Ya ga 'yan ƙwayoyin iska zagayayyu a ciki, irin waɗanda ake gani a gindin kwalba. Kwalba ce aka narka aka goge mata kusurwa. Ya daɗe bai ce komai ba, sa'an nan ya ce, "Malam, ashe da na sani tun a can zan gwada." Ya bar mini shi, ya ce in nuna wa ƙannensa. Ya koma makaranta a zangon da ya wuce, yana zaune da waɗanda ya girme su da shekara biyu. Yayyensa biyu har yanzu suna can.

Ga koren, ga ƙanƙarar, ga madubin, zan bar su a kan teburin nan har a tashi, duk mai so ya zo ya gwada da hannunsa.